Jami'ar Georgetown a Ma'aunin Iyayen da Ke Neman Makaranta

Iyaye Musulmi da yawa kan ja da baya da zarar sun ji cewa jami'a ta ɗarikar Katolika ce, amma a ganina wannan fargaba ba ta da gurbi a kan Georgetown, wadda ke bisa tudu a bakin kogin Potomac cikin birnin Washington. John Carroll, bishop na farko na Katolika a Amurka, shi ya kafa ta a shekarar 1789, limaman ƙungiyar Jesuit suka rene ta, kuma babu jami'ar Katolika da ta girme ta a ƙasar. Duk da haka, tun 1999 ta ɗauki limami Musulmi na dindindin, Imam Yahya Hendi, kuma masallacin da ke harabarta yana ɗauke da sunan Yarrow Mamout, Bafulatanin da aka kamo daga Afirka ta Yamma aka bautar, ya sami 'yanci, ya zauna a unguwar Georgetown, inda jami'ar take, har rasuwarsa a 1823. Ɗalibi zai yi sallar Juma'a ba tare da ya bar makaranta ba.

Inda ta yi fice shi ne karatun diflomasiyya. Makarantarta ta harkokin waje, wadda aka buɗe a 1919, ita ta yaye Bill Clinton a 1968, tana kuma da reshe a Doha tun 2005. Zamanta kusa da ofisoshin jakadanci da Bankin Duniya ya sa ɗalibi kan shiga aji da safe, ya tafi koyon aiki da rana.

Tarihinta yana da tabo. A 1838 limaman Jesuit suka sayar da bayi 272 domin biyan bashin makarantar, sai a 2017 aka fito fili aka nemi gafarar jikokinsu. An makara ƙwarai, amma na yaba da yadda ba ta ɓoye wa ɗalibanta labarin.

Babban cikas shi ne kuɗi. Kuɗin karatu kaɗai ya haura dala 60,000 a shekara, ban da ɗaki da abinci, tallafin da ake ware wa ɗalibai 'yan ƙasashen waje kuwa kaɗan ne. Unguwar ba ta da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai an hau motar jami'a. Wanda ɗansa ke sha'awar siyasar duniya ya nemi gurbi da tallafi lokaci guda, kada ya jira takardar karɓa kafin ya fara lissafi.