Ragon dutsen Texas da farin ragon Alaska: wane kaya ne zai yi maka duka biyun?

Salam 'yan'uwa. Ƙanena da ya jefo tambaya jiya da daddare, sai bayan asuba na ga saƙonka, a yi haƙuri. Waɗanda abin ya wuce su, ga maganar a taƙaice: abokan aikinsa ne suka ja shi farautar ragon dutse a yammacin Texas cikin Fabrairu, shi kuma burinsa nan da shekara biyu ya je Alaska neman farin ragon nan da ake kira Dall, yana da kamar dala 3,000 ta kaya, so yake ya saya sau ɗaya ya huta, kuma wai rabin kuɗin a bindiga zai zuba. Toh a nan na ce tsaya tukuna.

Farautar Texas na je sau uku. Alaska sau ɗaya, shi ma ɗan dako na je yi wa wani abokina mazaunin can, ban harba ko harsashi ɗaya ba, amma bayana ya san abin da ya ɗauka.

Da farko ka san wanda za ka je nema. Na Texas ɗin da Turawa ke ce wa aoudad wallahi namu ne, ragon dutsen Abzin ne da na Termit da Ennedi ta Chadi, ja-ja kalar ƙasa, da geza tun daga maƙogwaro har ƙafafun gaba. An kawo su Amurka gidajen namun daji, sai a shekarun 1950 aka sake su a New Mexico da Texas, suka samu duwatsu da fari irin na gida suka yi ta haihuwa har sun zama fitina, suna ture ragon dutsen ƙasar na asali daga ruwa da ciyawa. Shi ya sa a Texas ba shi da lokacin farauta ba shi da adadi, lasisi kawai da izinin mai fili, don kusan duk ƙasar Texas ta mutane ce. A gida kuwa ya yi ƙaranci, gandun Abzin da Tenere tun 1988 aka killace shi, UNESCO ta sa shi a jerinta a 1991, Termit ita ma aka killace ta a 2012, saboda haka kar wani ya karanta wannan ya saɓa bindiga ya nufi Timia ta Abzin, jami'an gandun daji ne za su tarbe shi. Kuma tun kafin wani ya tambaya, a'a, ba a layya da shi, naman daji ne, ko a wajen masana ma ba cikakken rago ba ne, yana tsakanin rago da akuya.

Dall kuma fari ne fat, bai kai aoudad jiki ba, babban aoudad yakan haura kilo 100 da kyau. Ana buɗe farautarsa 10 ga Agusta a rufe 20 ga Satumba, kuma kai da ba mazaunin Alaska ba doka ta ce sai da ɗan jagora mai rajista, ko ɗan'uwanka na kusa da ke zaune can. Kuɗin jagoran kaɗai ya haura dala 20,000, na Texas kuwa 'yan dubbai kaɗan ne. Kaga tun daga nan ba sa'o'in juna ba ne.

Ƙasar ma haka. Duwatsun Davis da Chinati, wajen garuruwan Alpine da Marfa, busassun duwatsu ne masu kaifi da tsakuwa mai zamewa, ko'ina ƙaya, akwai wani ɗan tsiro lechuguilla kamar an kafa wuƙaƙe a ƙasa, akwai wata sarƙaƙiya mai kama riga kamar ta dajinmu. Fabrairu da safe sanyi kamar hunturun Agadas, da rana ka cire riga, iska kuwa ba ta hutawa, amma da dare mota za ta mayar da kai masauki ka ci mai zafi ka kwanta a gado. Alaska ƙaramin jirgi ne zai ajiye ka a bakin rafi a tsaunukan Brooks ko Wrangell ya juya, kwana goma gidanka na bayanka, ruwan sama, hazo da zai rufe ka kwana biyu a tanti, wani lokacin dusar ƙanƙara a cikin Agusta, ga koguna masu sanyin da ke tsinka ƙafa. Ɗaya ƙishi da ƙaya ne ke cin ka, ɗaya jiƙa da nauyi.

Abu uku ne kawai ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan: takalmi, madubin hangen nesa, bindiga. Kuma a haka na jera su da gangan.

Takalmi. Zuwana na farko na sayi but sabo fil ana saura kwana huɗu tafiya, na manta ba a fafe gora ranar tafiya, kafin azahar ta rana ta biyu dugadugaina sun yi bororo sun fashe, ina zaune a mota ina jin ƙarar bindigar wasu daga nesa. Hawan ba shi ne matsala ba, gangarowa ce da tafiya a karkace a jikin dutse, ƙafarka tana zamewa cikin takalmin yatsu suna dukan gaba. Ka nemi but na hawan tsauni mai tsawo har sama da idon sawu, mai taurin ƙasa wanda in ka kama shi da hannu biyu ba ya lanƙwashewa da sauƙi, mai roba zagaye da gefensa don dutse kar ya yanke fatar, irin su Kenetrek ko Crispi ko Lowa, wanda ya zauna a ƙafarka dai, sunan ba shi ne ba. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar ulu da za ka sa a can, ka bar ɗan wuri gaban yatsa. Marar ɗumi a ciki za ka saya, shi zai yi maka Texas ya yi maka Agustan Alaska. Bambancin kawai, a Texas fata ta fi jure ƙaya, a Alaska kuma kowane takalmi sai ya jiƙe don haka ka riƙe man shafa masa da safa ta canji, da wani sakayau na tsallake rafi.

Madubi shi ne farautar gaba ɗaya, mutane ba sa yarda sai sun je. Za ka zauna a kan tudu awa uku awa huɗu kana tsefe dutsen da ke gabanka da ido. A Texas wahalar ita ce ganinsa, kalarsa da ta dutsen ɗaya ce kuma in ya ji motsi ƙamewa yake yi, ɗan jagoranmu ya taɓa nuna min garke guda a gabana ina ta kallon duwatsu sai da ɗaya ya kaɗa kunne. Nan madubi mai ido biyu 10x42 mai kyau kake so, wato mai ƙara girman abu sau 10 da baki milimita 42, ka ɗora shi kan ƙafa-uku, don madubin da ke hannu rawa yake yi kuma rawar nan ita ke ɓoye maka dabbar. Masu kuɗi suna ƙarawa da 15x56. Ka lura matan ma suna da ƙaho babba, sai ka duba kaurin gindin ƙahon da tsawon gezar, wanda ƙahonsa ya kai inci 30 shi ne kowa ke nema. A Alaska ganinsa ba wuya, fari ne a kan baƙin dutse kamar an yar da tsumma, wahalar ita ce sanin ko doka ta halatta shi: sai ƙahon ya yi cikakken zagaye, ko duka biyun sun karye a baki, ko ya kai shekara 8 in an ƙirga zobban ƙahon, kuma bayan ka harba sai ka kai ƙahon hukuma ta duba ta sa masa alama, in ya gaza ƙwacewa za a yi har da tara. Wannan sai da babban madubi mai ido ɗaya, mai bakin milimita 65 ya isa saboda nauyi, amma kar ka saya, ɗan jagoran da za ka biya wancan uban kuɗin yana da shi. Araha ba ta ado a nan, madubi mai arha da rana tsaka lafiya lau yake, da asuba da magariba lokacin da dabbar ke motsi sai ya zama duhu, ga ciwon kai.

Sai ɗan ma'aunin nisa, wanda ke lissafa gangare. Ido ba mudu ba ne, a tsauni kuma ko ƙimar bai sani ba. Harsashi nisan kwance yake ji ba nisan da idonka ke gani ba, in ragon yana mita 300 a ƙasanka a gangaren digiri 30, faɗuwar harsashin ta mita 260 ce, in digiri 45 ne ta kusan mita 212, ko sama kake harbi ko ƙasa duk ɗaya, in ba ka rage ba ta saman bayansa zai wuce.

Bindiga kuwa, ƙanena, kowace .270 Winchester ko .308 ko 7mm Remington Magnum ta shago mai matsakaicin kuɗi za ta yi duka biyun. Aoudad yana da taurin rai, ka sa harsashi mai ƙarfi ka auna kafaɗa kai tsaye, don huhunsa na gaba-gaba kamar sauran namun dajin Afirka, in ka ja baya yadda abokanka ke harbin barewarsu ciki za ka samu, ya shige kwazazzabo ba ka ƙara ganinsa. Dall bai da wannan taurin, abin da ya sa wasu ke ɗaukar .300 can saboda dabbar nan beya ce. Mai nauyi ta fi zama daram a iskar Texas, marar nauyi ta fi daɗin ɗauka a Alaska amma ta fi shuri, ka tsaya tsakiya, wajen kilo uku da rabi har da madubinta. Abin da zai rage ka sayi harsashi ka je fili ka koyi harbi a kwance kan jaka, kana haki, ba a tebur ba. Kar ka manta da bismilla in za ka ja kunamar, in ka tarar da shi da sauran rai ka yanka. In bizar zama ta wucin gadi gare ka, lasisin farauta ka fara mallaka kafin ka taɓa bindiga, kuma Texas na neman takardar kwas ɗin mafarauta ga duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971.

Sauran kayan kam kowa da nasa. Texas ƙaramar jakar goyo lita 30 zuwa 40, ruwa lita uku ko huɗu don ragon ne ke iya daɗewa bai sha ba ba kai ba, wando mai kauri, safar hannu ta fata, hula, da matsefata, ka rantse sai ka yi amfani da ita. Alaska jaka mai ƙarfen baya lita 90 zuwa sama, tanti mai jure iska, buhun barci, rigar ruwa ta gaske sama da ƙasa, sanduna biyu, busasshen abinci, da ɗan abin aika saƙo ta tauraron ɗan'adam irin inReach don ba sabis. Auduga ko singileti kar ka kai can, in ta jiƙe ba ta bushewa sai ta zuƙe ɗumin jikinka, ulu za ka sa. Kuma dokarsu ta ce naman duk sai ka fito da shi, ba a ɗauko ƙaho a bar nama a baya, ranar da muka sauko da namu gwiwoyina har kuka suke. Kar ka sayi ko ɗaya cikin waɗannan yanzu, shekara biyu da nisa, jagoran zai turo maka jerin abin da yake so.

Ni da kuɗin nan a hannuna: wajen 450 takalmi da safa, 1,000 madubi, 350 ma'aunin nisa, 850 bindiga da madubinta, canjin harsashi da lasisi. In wani abokin aikinka zai ara maka bindiga ma ka karɓa ka ƙara kuɗin a madubi. Takalmin ka saya satin nan, ka cika jaka da shinkafa kilo 10 ka riƙa hawa benen wajen aikinku kana saukowa, bar su su yi dariya.

Ƙafa-uku kar ka saya, ina da guda a gareji, in ka biyo ta Houston ka karɓa. Amma don Allah a dawo min da ita, kular da na ara wa wani a nan gidan tun bara har yau shiru, ya san kansa.