Digital Concert Hall: Kakar Makaɗan Berlin Ta Intanet

Ƙungiyar makaɗa ta Berliner Philharmoniker, mai kiɗan gargajiyar Turai a birnin Berlin, wadda aka kafa a 1882, tana buɗe kakar wasanninta a ƙarshen watan Agusta, ta kuma rufe ta a watan Yuni da wasan fili a dandalin Waldbühne. Wanda ba zai iya zuwa Jamus ba yana iya bin kakar ta Digital Concert Hall, shafin da ƙungiyar ta buɗe a 2008, inda ake watsa wasanni kusan arba'in kai tsaye a kowace kaka, sannan a ajiye su a taska domin mai son sake kallo.

A ganina, abin da ya sa shafin ya cancanci kuɗinsa shi ne aikin kyamara. A zauren Philharmonie, wanda Hans Scharoun ya tsara aka buɗe a 1963, makaɗa ne a tsakiya, masu sauraro kuma sun kewaye su, amma duk da haka yawancin masu tikiti ƙeyar jagoran makaɗa kawai suke gani. Ta intanet kuwa, mai kallo yana ganin fuskar Kirill Petrenko, wanda ya karɓi jagorancin ƙungiyar a 2019, yana ganin yadda yake sassauta masu goge da hannun hagu, da yadda kallo guda yake isa ya shigo da masu busa. Ga wanda bai saba da kiɗan Beethoven ko Mahler ba, wannan ya fi dogon bayani amfani, domin ido yana nuna wa kunne inda zai karkata. Petrenko ba ya yawan hira da 'yan jarida, saboda haka tattaunawar da yake yi da makaɗansa a shafin tana da daraja sosai.

Taskar ma ba ƙarama ba ce, tana da wasanni daga zamanin tsofaffin jagororin ƙungiyar, wato Karajan da Abbado da Simon Rattle. Cikin kaka, ina ba da shawarar kada a bari wasan jajibirin sabuwar shekara ya wuce, haka nan wasan 1 ga Mayu, ranar tunawa da kafuwar ƙungiyar, wanda ake kai shi birane daban-daban na Turai tun 1991.

Akwai abin da zan kushe. Wani lokaci ana yawan sauya hoto a daidai inda kiɗan yake buƙatar natsuwa, kuma hakan yana raba hankali. Hoto mai inganci yana cin data sosai, don haka wanda intanet ɗinsa ke yankewa ya fi kyau ya rage ingancin hoto, ko ya jira wasan ya shiga taska. Lallai ne kuma a sa abin sauraro mai kyau a kunne, domin lasifikar waya tana haɗiye ƙananan sautuka. Dangane da lokaci, agogon Berlin daidai yake da na Najeriya da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, a sauran watanni kuma yana gaba da awa ɗaya.