Madubin hangen nesa mai lamba 10x50 da na saya a Sabon Gari

Wani dare bayan sallar Magariba mutanen layinmu a Tudun Wada suka ga fitilu a jere suna ratsa sararin sama ba tare da ƙara ba, aka kwana ana musu, wasu na cewa aljanu ne, wasu na cewa jiragen leƙen asiri ne. Wannan musu ne ya kai ni kasuwar Sabon Gari, inda na sayi madubin hangen nesa mai lamba 10x50, wato yana kusanto da abu sau 10, kuma faɗin gilashinsa na gaba milimita 50 ne.

Na daɗe ina bibiyar binciken da gwamnatin Amurka ke yi kan abubuwan da ake gani a sama a kasa gane su. Daga 1947 zuwa 1969 rundunar sojin samanta ta tattara rahotanni 12,618, kuma 701 ne kawai suka rage babu bayani. A rahoton hukumomin leƙen asirinta na Yunin 2021 kuwa, ɗaya tak aka tantance cikin 144, shi ma balan-balan ne da ke sacewa, kuma masu rahoton sun ɗora laifin a kan ƙarancin bayanai masu inganci. Wannan ƙarancin ne madubin ya rage mini gwargwadon ƙarfinsa.

Da shi na tabbatar cewa hasken da ke tsaye a yamma Zara ce, na ga ramukan da ke jikin wata, na kuma rarrabe fitilun fukafukan ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da ke shawagi ta wajen Palladan. Da jerin fitilun nan ya sake bayyana, na ga kowace ɗigo ce mai zaman kanta, tafiyarsu kuma ta yi daidai da ta taurarin ɗan Adam na Starlink da aka fara harbawa da yawa a 2019.

Aibinsa shi ne nauyi, domin hannu yana gajiya cikin mintuna kaɗan, kuma da zarar ya fara rawa sai tauraron da ke tsaye ya zama kamar yana yawo, don haka nake jingina gwiwar hannu a kan katanga. Igiyar ratayawarsa siririya ce, murfin gilashin kuma ba ya kamawa sosai. Idan hazon hunturu ya sauko, amfaninsa yana raguwa ƙwarai, saboda haka wanda zai saya ya gwada shi a daren da sama ta washe.