Gargaɗi Kan Wani Mai Sayar da Gurɓataccen Ruwan Ayon a Kano

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan'uwana ɗaliban kimiyyar sinadarai, da malamanmu masu duba ayyukan bincike, game da wani mutum da ke tallata sinadarai a zaurukan WhatsApp na ɗalibai, yana cewa daga Jamus yake shigo da su kai tsaye. Ba shi da shago. Sai an tura masa kuɗi gaba ɗaya, sannan ɗan sahu ya miƙo kayan a bakin Kasuwar Sabon Gari.

Abin da na saya a hannunsa shi ne BMIM-BF4, ɗaya daga cikin ruwan ayon (ayon su ne ƙwayoyin sinadari masu cajin lantarki), wato gishirin da ke narkewa ya zama ruwa a zafin da bai kai digiri 100 na Celsius ba. A mataki biyu ake haɗa shi: a fara dafa sinadaran metilimidazol da kulorobutan a samu gishiri mai kuloraid, sannan a musanya kuloraid ɗin da BF4, wani ayon mai ɗauke da boron da fulorin, a tace, a wanke, a busar a injin tsotse iska. Wahala da tsada duk suna wajen tsarkakewar nan, kuma ita ce ba a yi wa kayan mutumin nan ba, duk da takardar shaidar inganci da ya haɗo da kwalbar.

Makonni na yi ina zargin kaina, domin awon kauri da na wucewar lantarki sun ƙi tsayawa wuri guda, har sai da wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce, "Ɗana, gwada kwalbar tukuna." Na narkar da kaɗan a tataccen ruwa, na ɗiga silba naitiret, nan take ya yi fari fat kamar kindirmo, alamar kuloraid jingim. Awon Karl Fischer, mai gano yawan ruwa a cikin sinadari, ya nuna ruwan da ya zarce na takardar nesa ba kusa ba, awon NMR kuma, mai bayyana sinadaran da ke cikin abu, ya fito da ragowar metilimidazol.

A nan ne nake ganin ha'incin yake. Kuloraid yana ƙara wa ruwan ayon kauri, ruwa kuma yana tsinka shi, saboda haka idan an haɗa su biyun, mai girgiza kwalba ya duba da ido ba zai ga aibu ba. Launi ma ba hujja ba ne, tunda gawayin tacewa yana ɗauke rawaya-rawayan ya bar kuloraid inda yake. Wani zai ce ai sinadarin yana shan laimar iska da kansa, balle da damina. Gaskiya ne, amma a hunturu na buɗe tawa, kuma laima ba ta kawo kuloraid. Ga haɗari kuma: BF4 idan ya daɗe da ruwa, musamman da zafi, yana sakin asid na HF, wato haidirofulorik, mai cin gilashi da ratsa fata.

Da na kira shi, cewa ya yi hannuna ne bai ƙware ba. Bayan kwana biyu ya toshe lambata. Daga baya na haɗu da wata ɗaliba da ta sayi wani ruwan ayon daban a wajensa, muka jera takardunmu, sai ga lambar rukunin kaya iri ɗaya, ga alkaluman awo iri ɗaya, sunan sinadarin kawai aka sauya.

Kafin ku biya kowa, ku nemi rajistar kamfaninsa ta CAC da izinin NAFDAC na shigo da sinadarai, ku tabbata lambar rukunin da ke jikin kwalba ta dace da ta takarda, sannan ku aika wa kamfanin da aka ce ya haɗa kayan ya tabbatar da ita. Wanda ya riga ya saya, kada ya dafa shi, kada ya zubar a kwata. Ya adana kwalbar da shaidar tura kuɗi, domin muna tattara su ne mu kai ƙorafi ofishin NAFDAC na Kano.