Kit ɗin gyaran sitiyarin sitan diraif ya yi, amma ku duba zoben gimbal tukuna

Jama'a masu jirgin ruwa mai sitan diraif, wato irin wanda injin ke ciki ƙafar mai farfela kuma tana waje a bayan jirgi, ga abin da na gani game da kit ɗin nan na gyaran sitiyari, wanda ake yanka 'yar taga a jikin gimbal hausin, wato gidan da ke manne a bayan jirgi yana riƙe da ƙafar, maimakon a sauke inji gaba ɗaya. Na sa shi a nawa kuma gaskiya na gamsu, sai dai akwai magana.

Kafin ma ka sayi komai ka tabbatar ciwon a nan yake. In jirgi yana tafiya a hankali yana ɗan karkata hagu da dama, wannan ba lallai matsala ba ce, jirage masu gindin V da yawa haka suke. Ka fito da shi kan tirela, wani ya riƙe maka sitiyari gam, kai kuma ka kama ƙafar ta ƙasa ka girgiza ta gefe da gefe. In tana lako-lako alhali liban sitiyarin da ke ciki ko motsi bai yi ba, to ba daga kebur ɗinka ba ne, abin yana wajen shaf ɗin sama da zoben gimbal, wato zoben da ke juya ƙafar hagu da dama. Tsarin MerCruiser Alpha One da Bravo ke nan, shaf ɗin ƙarfe ne mai kusurwa huɗu ya shiga zobe na alminiyon, ƙafa mai nauyi tana ta jijjiga shi shekara da shekaru, ai dole mai taushin ya cinye. In sil ɗin wajen, wato robar da ke tare ruwa, ya mutu kuma ruwa ya samu hanya, sai tsatsa ta kama shaf ɗin ta ƙara yaga sil ɗin, ka riƙa ganin ruwa na tsiyaya cikin jirgi ta baya kana neman ta inda yake shigowa.

Wani lokacin ɗaure notocin da suka matse zoben kawai ya isa, in an kama abin da wuri. Nawa ya wuce nan.

A cikin kit ɗin akwai shaf na sitenles, bushin, sil, noti, da takardar awo da za ka manna ka yanka daidai, sai murfin rufe tagar da sukurorinsa. Shaf ɗin shi ya fi burge ni wallahi, ka ɗauke shi a hannu ka ji nauyi, kusurwoyin sun fita tsaf babu kaushi ko kaɗan, na ajiye shi kusa da tsohon da na ciro wanda duk tsatsa ta rarake daidai inda sil ke zama, har farce na maƙalewa in ka shafa. Bushin ɗin ma ya shiga da matsi yadda ake so.

Yankan tagar ne ke sa gaban mutum faɗuwa, don kana sa ƙarfe ne a jikin abin da ya raba ka da ruwa. Amma awon daidai yake, da na buɗe sai ga noti da kan liba a fili, sifana ta shiga ba wahala, abin da in ba haka ba sai ka ciro inji kafin hannunka ya kai. Ka toshe ciki da tsumma kafin ka fara, garin alminiyon nan yana shiga ko'ina, kuma bakin da ka yanka a shafa masa fenti kafin a sa gam a rufe, musamman in ruwan gishiri kake shiga.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Takardar bayanin ta yi magana kamar da ka canja shaf shi ke nan an gama, ba su ja kunnen mutum kan zoben ba ko da layi ɗaya, alhali shi ne yake fara cinyewa. Da na zura sabon shaf a tsohon zobena sai na ji yana ƙas-ƙas, ramin mai kusurwa huɗu ya buɗe har gefen ya yi sheƙi saboda guga. Da na mayar da shi haka, sabon shaf ɗin ba abin da zai hana, wasan zai dawo. Dole na nemo wani zoben daban. Wanda bai san wannan ba zai kwance komai ya zauna jiran kaya, ko ya ɗaure haka nan ya ce kit ɗin banza ne, kuma duk layi ɗaya a takarda zai raba wannan gardamar. Hotunan ma sun yi duhu, da kyar ake gane wace washa ce ke sama wace ce ke ƙasa, don haka ka ɗauki hoto da wayarka kana kwancewa.

Kuma kada a ce maka aikin yamma ɗaya ne. Sai ka cire ƙafar, ka cire bel hausin, wato abin da ƙafar ke ɗaure a jikinsa, fil biyu na gefe da suka haɗa shi da zoben suna da nasu makullin na musamman kuma gam ɗin zare ya riƙe su, sai an ɗan sa musu zafi suke sakin jiki. Wayoyin tirim, masu nuna ɗagawa da saukewar ƙafa, da ke gefen zoben a bi su a hankali, in sun tsufa ɓallewa suke. Tunda an riga an buɗe, ni dai na canja robobin belos, wato robobi masu lanƙwasa da ke tsakanin jirgi da ƙafar, duka ukun, na yujoyin da na salansa da na kebur ɗin giya, na kuma juya gimbal boris da yatsa na ji ko yana gurnani. Belos ɗin yujoyin in ya tsage ruwa yake shigowa da shi, jirgi na iya nutsewa a inda aka ɗaure shi, ba abin sakaci ba ne. Notocin kuma a ɗaure su da tok renci, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, bisa littafin ƙafarka, ban da ƙiyasin hannu, a sa sandar alaimen a duba saitin inji kafin a mayar da ƙafa.

Da na sauke shi a ruwa, sitiyari ya dawo yana jin magana, ka ɗan taɓa ƙafar ta amsa nan take, shiga wajen ɗaure jirgi ya daina ba ni tsoro, baya kuma a bushe, murfin bai ɗiga ba. Mai hannu da kayan aiki ya saya, wanda bai taɓa cire ƙafa ba ya kai wa makanikin jirgi ya sa masa. Amma ko wane ne, ya gwada shaf ɗin a cikin zoben a hannu kafin a ɗaure komai, in ya ji motsi ya yi odar zobe.