Adaftar USB ta tsohon had-dis: ta ceto min kaya amma sai da ta ja min rai

Kwamfutar tebur ce ta Babanmu tun zamanin Windows XP, ta yi shekaru a ajiye ba mai kunnawa. Ranar da na kunna ta fanka na juyawa lafiya lau, sai ga farin rubutu a baƙin allo wai ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Na danna Del na shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar, gurbin had-dis (faifan ajiyar bayanai) wayam, kwanan wata ma ya koma can baya. Wannan kam na san batirin madabod ne, wato babban allon cikin kwamfutar, CR2032 ɗin nan mai kama da kwabo, na canza shi agogo ya daidaita amma faifan ko alamarsa.

Shi ne na sayi adaftar nan da ke jona faifai da laftof ta USB, mai baki uku, babban IDE na tsofaffin faifai mai fil 40, ƙaramin na laftof mai 44, sai SATA na faifan da suka zo daga baya, da nata abin wuta daban tunda faifan inci 3.5 sai da bolt 12 yake juyawa, USB kuwa 5 kawai yake bayarwa.

To a nan fa aka yi ta. Na ciro faifan na jona, na ɗora tafin hannu a kai ina jin yana juyawa sumul, babu ƙas-ƙas ɗin nan da mataccen faifai ke yi. Laftof ɗina ya yi ƙararsa ta an sa USB, shi ke nan, faifai bai fito ba. Na cire na mayar, na canza rami, na kashe na kunna, wajen awa biyu wallahi har na fara tsine wa adaftar a raina. Takardar da ke cikin kwalin kuwa hoto biyu ne kacal, ko kalma ɗaya babu a kan jamfa. Ba jamfar sawa ba fa, wani ɗan mitsitsin roba ne a bayan faifan tsakanin filolin da bakin wuta, shi ke faɗa wa kwamfuta wane ne babba idan na'ura biyu suna kan kebul ɗaya. Ƙanena ne ya leƙo ya ce "Yaya, ka duba zanen da ke jikin faifan mana, ga MA ga SL ga CS." Ashe jamfar a SL take zaune, wato matsayin na biyu, MA kuwa shi ne na babba. Na sa hantsaki na zare shi na mayar MA, na fara ba shi wuta ya gama tashi sannan na soka USB.

Sai ga shi ya fito da harafinsa, 80GB cif! Folda-folda yadda Baba ya bar su, takardun aikinsa, hotunan da muka ɗauka sun tafi har abada. A lokacin da an ce in ba ta tauraro goma zan bayar.

Amma fa tsaya. Bakin wutar nan mai fil huɗu sako-sako yake, ina tsakiyar kwafe gwiwata ta ɗan taɓa tebur, faifai ya ɗauke ɗif. Da na mayar sai Windows ya ce wai sai an yi fomat, wato a goge komai, kafin a yi amfani da shi, gabana ya faɗi ras. Allah ya so ni ban danna ba, na soke, na kashe komai na naɗe bakin da salatif sannan ya dawo daidai. Faifan da ya tsufa haka a riƙa yanke masa wuta yana aiki? Ai kashe shi za a yi. Ga abin wutar yana zafi kamar dutsen guga, ga jinkiri don USB 2.0 ce, a gefensa na kusa kwana ina gadi kar wani ya taɓa tebur.

Tauraro uku na ba ta, biyu ma don hotunan ne. Kwamfutar kuwa ashe faffaɗan kebul ɗin ciki ne ya lalace, na sa wani mai waya 80 BIOS ta ga faifan nan take. Adaftar tana cikin durowa da salatif ɗinta, ban ma ɓare ba.