Bitar Wani Kwas na Intanet a Kan Isra'iliyyat a Cikin Tafsiri

Na yi rajistar wannan kwas ne saboda wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya tun lokacin da nake karanta Jalalaini: daga ina malaman tafsiri suka samo bayanan da Alƙur'ani bai faɗa ba, irin su sunan karen Ashabul Kahfi, ko labarin macijiyar da aka ce Iblis ya shiga bakinta har ya kutsa Aljanna? Irin waɗannan labarai da suka shigo tafsiri daga Yahudu da Nasara su ake kira Isra'iliyyat. Wata cibiyar koyar da ilimin addini ta intanet ce ke gudanar da shi cikin Larabci mai sauƙi, da darussa na bidiyo, da takardun bita da ake saukewa, da kuma zauren aika tambayoyi.

Malamin ya aza tubali yadda ya kamata. Ya fara da hadisai biyu na Sahihul Bukhari waɗanda duk mas'alar ta rataya a kansu: hadisin Abdullahi ɗan Amr da ya ba da izinin a ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi, da hadisin Abu Huraira da ya hana a gaskata Ma'abota Littafi ko a ƙaryata su, wanda ya zo a kan yadda suke karanta Attaura da Ibrananci suna fassara wa Musulmi da Larabci. Daga nan ya kawo rabe-raben waɗannan labarai gida uku daga Muƙaddimar Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, kuma ɗalibinsa Ibn Kasir ya maimaita su a gabatarwar tafsirinsa: abin da muka san gaskiya ne domin nassinmu ya tabbatar da shi, da abin da muka san ƙarya ne domin ya saɓa masa, da abin da aka yi shiru a kansa. Misalan kashi na uku sun amsa rabin tambayata, domin a cikinsu akwai launin karen mutanen kogo, da irin itacen sandar Annabi Musa, da sunayen tsuntsayen da aka rayar wa Annabi Ibrahim, abubuwan da saninsu ba ya ƙara wa mutum komai a addininsa.

Darasin da ya fi kowanne armashi shi ne na ƙissar Annabi Dawuda a Suratu Sad. Malamin ya raba allon gida biyu. A dama ya ajiye ruwayoyin da Ɗabari ya tattaro a kan masu husuma biyu da tumaki 99, a hagu kuma ya ajiye sura ta 11 da ta 12 na littafin Sama'ila na Biyu na cikin Baibul, inda labarin Uriya da matarsa yake, da misalin matalaucin da ba shi da komai sai 'yar tunkiya ɗaya. Yana bin layi bayan layi da jan alƙalami, yana nuna inda ruwayar ta fita daga lafazin ayar ta shiga wancan labarin. Sau uku na mayar da wannan bidiyon baya. Na daɗe ina jin ana cewa "wannan Isra'iliyya ce" ba tare da an nuna mini tushenta ba, sai a ranar na ga abin da idona. Haka ya yi adalci a kan mas'alar ɗan da aka umarci Annabi Ibrahim ya yanka, bai ɓoye cewa Ɗabari ya rinjayar da Ishaƙa ba, sa'an nan ya kawo hujjojin Ibn Kasir cewa Isma'ila ne da kuma ganinsa cewa ɗaya ra'ayin ya shigo ne ta hannun Ka'abul Ahbar, wani malamin Yahudawa da ya musulunta.

Sai dai wannan salon kwatancen bai ɗore ba, kuma a nan ne kwas ɗin ya gaza abin da ya yi alkawari. Sunansa ya ambaci Yahudu da Nasara, amma ɓangaren Nasara ya zo a taƙaice ƙwarai. A ƙissar Ashabul Kahfi an ambaci Daƙayanusa, sarkin da suka guje wa, da Ƙiɗmiru, sunan karensu, ba a ko taɓo cewa Kiristoci suna da labarin masu barci bakwai na birnin Afisa ba, wanda Yaƙubu na Saruj, da ya rasu a shekara ta 521 miladiyya, ya rubuta a harshen Suryananci. Haka kuma malamin yana magana kamar duk abin da ake kira Isra'iliyyat daga Attaura ya fito, alhali da yawa daga cikinsa ya samo asali ne daga Talmud da Midrash, wato littattafan sharhin malaman Yahudawa, da labaran baka. Ibn Khaldun ya riga ya yi nuni da haka inda ya ce waɗanda Larabawa suke tambaya a wancan zamani su ma mutanen ƙauye ne, ba su san komai ba sai abin da gama-garin Ma'abota Littafi suka sani.

Ban gamsu da yadda aka yi da masu ruwaya ba. An jera Abdullahi ɗan Salam, da Ka'abu, da Wahabu ɗan Munabbih a layi ɗaya kamar matsayinsu ɗaya ne, alhali na farkon sahabi ne, na biyun ya musulunta bayan wafatin Annabi (SAW), na ukun kuwa tabi'i ne ɗan Yaman mai asalin Farisa. An karanto sukar da Rashid Rida ya yi wa Ka'abu da Wahabu a tafsirin Manar, amma martanin Muhammad Husain Az-Zahabi, wanda ya kare su kuma ya ɗora yawancin laifin a kan waɗanda suka jingina musu abin da ba su faɗa ba, ya zo cikin jumla biyu kacal.

Ta fuskar aiki, sauti yana fita tas, bidiyo kuma yana buɗewa ko da intanet ba ta da ƙarfi. Takardun bita ne suka ba ni wahala, domin a wasu shafuka haruffan Larabci sun rarrabu, har isnadi, wato jerin sunayen masu ruwaya, ya koma abin da ba ya karantuwa sai na nemo littafin asali.

Wanda yake karanta tafsirin Khazin ko na Bagawi yana cin karo da dogayen ƙissoshi, yana kuma son ma'aunin da zai auna su, zai amfana da rabin farko na kwas ɗin sosai. Wanda ya riga ya karanta Muƙaddimar Ibn Taimiyya kuwa, darasin Dawuda da na yanka ne kawai za su zame masa sabo. Ni dai na aika tambaya a zauren a kan Biƙa'i, wanda ya rasu a 885 bayan Hijira, wanda ya riƙa ciro nassin Attaura da Linjila kai tsaye a tafsirinsa Nazmud Durar har Sakhawi ya rubuta masa raddi, na nemi sanin ko aikinsa yana shiga cikin rabe-raben nan uku. Kwas ya ƙare, an aiko mini da takardar shaida, tambayar kuwa tana nan ba a amsa ba.